Gahawar da Na Dafa wa Curtis

Litinin, 8 ga Janairu, da yamma

Banki sun sake bugowa. Yarinyar nan ce mai zaƙin murya, wadda sai ta tambaye ni yadda na wuni kafin ta soke ni. Ta ce wata uku ke nan ba a biya kuɗin motar ba. In aka kai ƙarshen watan gobe za su ɗauke ta su yi gwanjonta, abin da ya rage na bashin kuma yana wuyana, har gidan nan ana iya taɓawa. Na ce na ji.

Motar marigayi mijina Reino ce, a-kori-kura mai garmar ture ƙanƙara a goshi. Bashi ya ci ya saye ta, hunturu ɗaya ya yi da ita zuciyarsa ta tsaya, ya bar ni da mota da bashi. Ni ko juya ta ban iya ba. ’Yata Marcy ce ta kawo shawarar a ba mijinta Curtis haya: ya riƙa buɗe wa mutane hanyoyin gidajensu yana samun na abinci, duk wata ya ba ni abin da zan miƙa wa banki. Ita ta rubuta yarjejeniyar da hannunta a teburin kicin ɗin nan, muka sa hannu muna dariya. Shekara biyu bai saɓa ba. Tun Oktoba ban ga dala ɗaya ba, albashina na girki a makarantar firamare kuwa da kyar yake kai ni ƙarshen wata.

Ban tambaye shi ba. Duk Lahadi bayan coci yana kawo mini Tessa ta wuni. Shekararta shida, ita kaɗai ce jikata, kuma ba za a yi wata ba. Na san halin Curtis. In kunya ta kama shi ba ya faɗa da kowa, ɓacewa yake yi.

Laraba, 10 ga Janairu, da safe

An zuba ƙanƙara jiya. Gari bai gama wayewa ba na ji garma tana kankare hanyata, daga titi har bakin ƙofa. Na kunna fitilar waje, na ɗora gahawa. Kowa a garin nan ya san in mai garma ya gama aka kunna masa fitila, zai bar motar a kunne kada inji ya yi sanyi, ya cire takalma a bakin ƙofa, ya zauna ya sha kofi ɗaya. Haka Reino ya yi, haka Curtis ya koya.

Bai shigo ba. Tun Mayu da muka binne Marcy bai ƙetare ƙofar nan ba. Na shanye tukunyar ni kaɗai, ga shi zuciyata sai bugawa take.

Alhamis, 11 ga Janairu, da rana

Na gaji. Yau babu komai sai wannan.

Lahadi, 14 ga Janairu, da yamma

Tessa ta zo da haƙori ɗaya a cikin aljihu, ta ce in saya. Na ce ina da nawa na roba, sun fi nata biyayya. Ta ce, "Mummu, naki ai a kofi suke kwana." Haka take kirana, yadda na kira tawa kakar. Muka kwaɓa nisu, burodin nan mai zaƙi, rabin ƙullun ya ƙare a cikinta.

Tana wasa ta ce Babanta yana yawan barcin rana, waya ta yi ta kuka bai ɗauka ba. Na ce aikin asuba ne yake sa shi. Ta ce, "Har ran da ba a yi ƙanƙara ba." Na ba ta madara ta sha.

Da ya zo ɗaukarta na bi su har mota, na shirya maganata tun safe. Ban buɗe baki ba ya riga ni.

"Mama, na sani. Ki ɗan ƙara mini lokaci."

"Lokacin ba nawa ba ne, Curtis, na banki ne."

"Na sani."

Ya rame. Rigar sanyin da ke jikinsa Marcy ce ta saya masa, ta yi masa yawa yanzu.

Talata, 16 ga Janairu, bayan na tashi aiki

Yayana Arne ya zo. Kunnensa ɗaya ya mutu tun yana aiki a injin katako, saboda haka yana tsammanin kowa kurma ne.

"Ki je wurin ’yan sanda ki ce an sace miki mota! Mutum ya riƙe kayanki ba ya biya, mene ne sunansa in ba ɓarawo ba?"

"Sunansa uban Tessa."

"Uban wa?"

Na dai je, don in huta da ihunsa. Ɗan sandan da na tarar na taɓa zuba masa wake a makaranta yana ɗan aji biyu. Ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama.

"Misis Rautio, da hannunki kika ba shi mabuɗi?"

"Da hannuna."

"To ba sata ba ce, rikici ne tsakaninku, na kotu. Kuma don Allah kada ki bari wani ya zuga ki ki ce sata ce, ke za a kama da ƙarya. Ki nemi lauya."

Da zan fita ya riƙe mini ƙofa ya ce ajinsu ɗaya da Marcy. Na ce haka ne, na yi sauri na wuce.

Juma’a, 19 ga Janairu, da yamma

Na ga lauya, wata Misis Lund, ofishinta a saman kantin magani. Ta karanta takardar, ta ce wanda ya rubuta ta yana da hankali, har ya sa cewa in an daina biya mai mota na iya karɓar kayarta. Na kalli taga.

Ta jera mini hanyoyin. Da farko a aika masa takardar gargaɗi. In bai biya ba, ko in kai shi ƙaramar kotu, a yanke masa ya biya abin da ba shi da shi, kafin nan banki sun daɗe da gama nasu. Ko in nemi alƙali ya sa a karɓo motar, wannan ma sai bazara. Ko kuwa in ɗauko ta da kaina, muddin ba a yi hayaniya ba. Ba a fasa gareji, ba a tsallake shinge. In ya fito ya ce kada a taɓa, an tsaya ke nan.

Sai ta ce, "Tun da ya daina biya, ya ba ki wani abu a madadi?"

"Naman barewa a Nuwamba. Kuma yana ture mini ƙanƙara."

"Kina karɓa?"

"To mayar da ita zan yi kan hanya?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce a gaban alƙali yana iya cewa da aikin yake biya, ni kuma na yarda tunda ban hana ba. Wai in rubuta masa ya daina. Na ce Misis Lund, ke ba ’yar nan ba ce ko? Ta ce daga kudu ta zo. Na ce ai na gani.

Gaba damisa, baya siyaki. Kuma duk hanyoyin nan babu wadda aka rubuta Lahadi a cikinta.

Asabar, 20 ga Janairu, da hantsi

Na sa hannu a takardar gargaɗin, na kai gidan waya. Takarda za ta yi kwanaki a hanya kafin ta isa gidan da nake hango hayaƙinsa daga coci. Na sa an cire maganar ƙanƙarar.

Alhamis, 25 ga Janairu, da safe

Curtis ya ture ƙanƙara. Bai shigo ba. Na gaji.

Lahadi, 28 ga Janairu, da yamma

Takardar ta isa. Yau a bakin titi ya sauke Tessa, ta tako hanyar ita kaɗai da jakarta, shi yana zaune a mota har ya ga na buɗe ƙofa. Amma ya kawo ta. Na yi ta maimaita wannan a raina duk wunin, ya kawo ta.

Ta tambaye ni ko za ta iya shiga ɗakin Momi. Na ce akwai sanyi a can, na kashe masa wuta. Ta ce ai da rigarta. Na bari. Na tsaya a kicin ina wanke tukunyar da na riga na wanke.

Talata, 30 ga Janairu, da yamma

Arne ya zama ɗan leƙen asiri da tsufansa. Ya ce Curtis yanzu a gareji yake kulle motar, ko kanti ya shiga sai ya zare mabuɗi, abin da ba wanda yake yi a nan cikin hunturu.

"Wuri ɗaya ne zai bar ta a kunne, Elma. Ƙofar gidanki."

"Ba ya shigowa."

"Don ba ki fita kin kira shi ba. Ki tsaya a waje da tsufanki cikin sanyi, ki ga ko zai iya wucewa. Ni ina bayan rumbun itace. Yana zama, na ja. Ba faɗa, ba hayaniya, yadda lauyarki take so."

"In kira shi shan gahawa don a ɗauke masa mota? A gidan Reino?"

"Gidan da za ki rasa? Shekarunki nawa, Elma? A ina za ki kwana, a kicin ɗin makaranta?"

Na ce ya fita mini daga gida. Ya fita, ya bar hularsa, ya dawo ya ɗauka, ya ce rediyo ta ce za a yi babbar ƙanƙara jibi.

Laraba, 31 ga Janairu, da rana

Mai zaƙin murya ta bugo. Ta tambayi yadda na wuni.

An ce gobe ba makaranta. Ran da ba makaranta maƙwabciyar Curtis ce take riƙe Tessa.

Na kwaɓa nisu.

Alhamis, 1 ga Fabrairu, da yamma

Motar tana ƙofar gidana.

Juma’a, 2 ga Fabrairu, da rana

Ban je aiki ba. Bari in rubuta shi sau ɗaya, kada in sake.

Jiya Curtis ya zo gari yana wayewa, ƙanƙara ta kai ƙugu. Da ya gama na fita da silifa, ba mayafi, na tsaya a tsakiyar hasken fitilunsa na ɗaga hannu. Ya daɗe yana kallona ta gilashi. Sai ya waiwaya bayan mota, na ga ya waiwaya, ban kawo komai a raina ba. Ya sauko, ya tura ƙofar a hankali, ya bar injin yana aiki.

Ya cire takalma a bakin ƙofa ya jera su. Ya zauna a kujerarsa ta da. Na zuba masa, na yanka nisu. Ya ce, "Mama, ki daina fita haka, za ki kwanta."

Ya riƙe kofin da hannu biyu. Ya kalli kujerar Marcy da ke kusa da tasa.

"Takardarki ta zo. Ba ki yi laifi ba. Akwai ranakun da ba na iya tashi, mutane suka gaji suka koma wa wasu. Tun da muka dawo daga maƙabarta nake so in zauna a nan. Ban taɓa faɗa miki yadda na same ta ba a safiyar nan. Ina ganin ya kamata ki sani."

Wata takwas nake jiran wannan maganar ina kuma gudunta. Na buɗe baki in ce masa ya dakata, in ce ya fita ya zare mabuɗinsa. Allah ne shaidata, na buɗe baki. Sai muryar injin ta canja.

Bai tambaye ni ba. Kallona kawai ya yi, ya gane. Kofin ya kife.

"Tessa na ciki! Tana barci a baya!"

Maƙwabciyar ce ba ta da lafiya, shi ya sa ya naɗo ta cikin bargo ya taho da ita.

Ya fita da safa kawai a ƙafa. Ya bi motar a guje yana kiran sunanta har titi, Arne kuwa ko ana buga ganga a kansa ba ya ji. Na buga wayar Arne, tana can cikin aljihun rigarsa tana kuka ita kaɗai. Na tsaya a ƙofa ina kallon mutum yana gudu a kan ƙanƙara ba takalmi, yana faɗuwa yana tashi, har kwanar hanya ta ɓoye shi.

Arne ya ce sai da ya kai mararraba ya tsaya, wani ɗan hannu ya taɓa masa kafaɗa. Saura kaɗan ya faɗa rami. Ta ce, "Kawu Arne, ina Babana?" Ya juyo. A hanya suka gamu da Curtis.

Curtis ne ya tuƙo su. Ya sauko da ita a kafaɗa cikin bargonta, ba ta kuka, sai rarraba ido take. Safarsa ta daskare, akwai jini a ɗaya. Na yi fatan ya zage ni. Bai ɗaga murya ba.

"Misis Rautio, a miƙo mini takalmana."

"Curtis, ka shigo ka gasa ƙafarka, don Allah. Ka shigo da yarinyar."

"Takalmana."

Na miƙa masa. Arne yana tsaye fuskarsa fari fat, ya ce, "Ɗana, ɗauki motarka ka tafi, mu manta." Curtis ya kashe injin, ya zare mabuɗin, ya ɗora a kan matakalar ƙofa. Ya ce, "Tata ce." Ya buga wa wani abokinsa waya, suka je bakin titi suka jira, yana riƙe da ita bai sauke ta ba. Ta ɗago mini hannu ta bayan kafaɗarsa.

Lahadi, 4 ga Fabrairu, da yamma

Ba su zo coci ba. Ba su zo nan ba.

Talata, 6 ga Fabrairu, bayan aiki

Misis Lund ta ce in gode wa Allah Curtis bai kira ’yan sanda ba, ɗauke yarinya ba wasa ba ne, da ya kira, ni da Arne da mun ga ta kanmu. Amma tunda ya ajiye mabuɗi da kansa, magana ta ƙare. Ta ce, "Kin fita, Misis Rautio." Akwai wani a garin gaba da zai saye ta, kuɗin zai rufe bakin banki. Sai ƙarshen wata zai zo.

Na tambaye ta ko kaka tana da haƙƙin ganin jikarta. Ta ce ana iya shigar da ƙara, amma alƙali yakan bi abin da uba ya ce sai da dalili mai ƙarfi, kuma za a tayar da maganar ranar Alhamis. Na ce a bar shi.

Alhamis, 8 ga Fabrairu, da safe

An zuba ƙanƙara. Arne ya rantse ba zai ƙara taɓa sitiyarin motar nan ba, ni ma ban roƙe shi ba. Na haƙa ’yar siririyar hanya da shebur, bayana kamar zai tsinke. Na kama kaina na kunna fitilar waje.

Lahadi, 11 ga Fabrairu, da yamma

Ba su zo ba. Na gaji ƙwarai.

Laraba, 14 ga Fabrairu, da rana

Saƙon Curtis ya shigo wayata, gajere. Za su koma garin Green Bay wurin yayarsa Paulette, mijinta ya samo masa aiki a kamfanin takarda. Ba mota, ba abin da zai yi a nan. Asabar da safe za su tsaya minti biyar Tessa ta yi mini sallama.

Na rubuta masa abubuwa da yawa na goge. Na aika "To."

Asabar, 17 ga Fabrairu, da rana

Jiya ƙanƙara ta kwana tana zuba. Na san ’yar motar Paulette ba za ta iya shigowa ba, saboda haka tun duku-duku na fita da shebur. Na wuce a-kori-kurar, ta zama tudu fari, garmarta kawai ake gani. Ban kai rabin hanya ba na ji ƙaho a bakin titi.

Na yar da shebur na kutsa. Wani wurin har cinya. Na faɗi sau ɗaya, ledar nisun da na rataya a hannu ta cika da ƙanƙara. Suna kallona, ba wanda ya fito. Amma sun jira.

Paulette ce a kujerar gaba, ta ce, "Sannu, Misis Rautio," ta koma kan wayarta. Curtis yana riƙe da sitiyari yana duban hanya. Ya sauke gilashin baya. Tessa tana ɗaure a kujerarta tsakanin akwatuna, na cusa kaina ciki na sumbace ta, ta ce hancina ƙanƙara ne. Na ba ta ledar. Na ce ta riƙa wanke haƙoran da suka rage mata kada ta zama irina.

Ta kama mini kwalar riga ta jawo ni, ta yi ƙasa da murya, irin raɗar yara da kowa ke ji.

"Mummu, ranar nan ban ji tsoro ba. Ko kaɗan. Ki faɗa wa Baba ban ji tsoro ba, sai mu fasa tafiya."

Na miƙe. Na matsa wurin tagarsa. Na ce, "Curtis, ta ce ba ta ji tsoro ba."

Sai a lokacin ya juyo ya dube ni.

"Ni na ji, Mama."

Ya ɗaga gilashin, ya sa sigina ko da yake babu kowa a titin, suka tafi.